Na Ce wa 'Yata Hoto Kawai Za a Ɗauka

A lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a Kasuwar Kure, shekara guda da rasuwar matata. Daga ni sai 'yata mai shekara shida a ɗaki ɗaya a Tudun Wada. Danginmu duk suna Bida, ni kuma ba mai shiga mutane ba ne.

Wata Asabar ta faɗo daga kan katanga, hannunta ya karye a gwiwa. A asibiti likita ya ce ɗori ba zai yi ba, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Da aka zo tafiya da ita ɗakin tiyata ta riƙe rigata tana tambayar inda za a kai ta. Sai na ce hoto kawai za a ɗauka, yanzu za ta fito. Da ta farfaɗo ta ga hannunta cikin filasta, ga zogi, sai ta dube ni sau ɗaya ta juya wa bango fuska.

Kwana huɗu ba ta ce mini uffan ba. Sauran gadajen cike suke da iyaye mata da 'yan dubiya, namu kuwa ni kaɗai ne kan kujerar roba. In na miƙa kunu ta kau da kai. In ta yi kuka in ce ta yi shiru, ai ta girma. Har tsawa na taɓa yi mata, abin da yake ci mini rai har yau.

Wata dattijuwar nas ce ta lura. Ta tallafe hannun da matashi ya ɗan ɗaga, ta zauna tana tsefe mata kai suna hira ƙasa-ƙasa. Daga baya ta kira ni baranda ta ce yarinyar ba ciwon hannu kaɗai take ji ba. Wai yarinyar ta ce mata ranar da aka kai mamarta asibiti ma haka Baba ya ce, yanzu za ta dawo. Tana ganin ita ma ba za ta koma gida ba, ɓoye mata nake yi.

Na koma na durƙusa bakin gadon na nemi ta yafe mini. Na gaya mata akwai ƙarfe a hannunta, zai yi zafi, zai yi ƙaiƙayi, amma jibi za mu tafi tare. Ta tambaya ko cire ƙarfen da zafi, na ce da zafi kaɗan, kuma ina nan. Ranar ta sha kunu.

Hannun ya warke cikin 'yan makonni, amma na fi shekara kafin ta daina kallon idona in na yi mata alkawari. Iyaye, kada tausayi ya sa ku yi wa yaro ƙarya a gadon asibiti. Yaro yana iya jure zafi, abin da ba ya iya jurewa shi ne ya rasa wanda zai yarda da shi.