Na Wane Gida Ne, Seu Aderbal?

Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 2023, Allah ya karɓi ran Sista Godeliva a ɗan ɗakinta da ke bayan cocin garinmu, Lajedo Fundo. Shekarunta saba'in da takwas, arba'in da huɗu daga ciki a tsakaninmu ta yi su. Ina shago ina goge ƙafar tebur na ji ƙararrawar coci tana bugawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, na ajiye aikin ban tambayi kowa ba. Tun makon da ya wuce mun san kwananta ya kusa ƙarewa.

Sista, ni ne Aderbal kafinta, wanda kike kira Seu Aderbal, wato Malam Aderbal a yarenmu. Hannuna ya fi sabawa da zarto a kan alƙalami, kuma akwai waɗanda suka fi ni iya yabo, sun kuma yi a coci. Ni abin da ya sa na zauna rubutu daban ne. Akwai tambayar da kika yi mini shekara arba'in da biyu da suka wuce, har kika rasu ban ba ki amsarta ta gaskiya ba.

Lokacin da kika zo daga Beljiyam a 1979, rabin aikina ƙananan akwatunan gawa ne. Garin masu yankan rake ne, uba yana gona tun asuba, uwa tana wankau a gidajen manya, jariri yana gida ana ɗura masa kunun garin rogo da ruwan rafi. Gudawa ta kwana biyu ta ishe shi. Akwai makon da nakan yi akwati biyar, in shafa musu shuɗin fenti. Ba ma ce musu matattu, mala'iku muke ce musu. Yara 'yan uwansu ke ɗaukarsu zuwa kabari, a bar idonsu a buɗe don su ga hanya, a kaɗa ƙararrawa da sauri kamar ranar biki. Uwa kuwa ba ta kuka, domin an ce hawayenta zai jiƙa fukafukan ɗanta ya kasa tashi. Haka muka tarar, kuma ban ga laifin matanmu ba. Wadda ta binne huɗu, dole ta sami abin da za ta riƙe.

Kuskurenki na farko har yau tsofaffi suna ba da labarinsa. Kika fito ƙarƙashin mangwaron coci da awon tela a wuya, kika ce a kawo yara ki auna tsawonsu. Kafin ki rufe baki fili ya watse, mata suka kwashe 'ya'yansu suka kulle ƙofa. Rashin sani ya fi dare duhu. Ba wanda ya gaya miki cewa a garin nan mutum ɗaya ne ke auna tsawon jariri, kuma da igiya yake yi, wato ni.

Da kika gano, sai ga ki a ƙofar shagona, rana ta ƙona miki fuska ta yi ja, harshenki yana karya yarenmu.

"Seu Aderbal, an ce kai ne mai auna yara a garin nan."

"Ni ne, Sista. Sai dai nawa ba sa wutsil-wutsil."

"To, na zo in kashe maka kasuwa."

"Fada uku, limaman coci masu gemu, sun zo sun tafi, kasuwa tana nan. Ke da ko gemun ba ki da shi?"

Ba ki yi dariya ba. Kika jefa awon telan cikin tarin ɓawon katako, kika ce in kafa miki ƙugiya a reshen mangwaro. Kin lura cewa ba a ɗora gawa a sikeli, abin da ake so ne ake aunawa, irin su wake da sukari. Daga nan kika koma auna nauyi kaɗai. Mata suka yi ta tsiya, wai Baturiya tana rataye musu 'ya'ya kamar naman kasuwa, amma da kaɗan-kaɗan suka fara kawowa, musamman da suka ga ana ba da madara bayan awo.

Sai kika gano abin da ya ɗaure mu tare, ni da ke, ba da son raina ba. Fenti yana son yini guda kafin ya bushe, gawa kuma ba ta kwana a zafin nan. Saboda haka iyaye ba sa jira rai ya fita. Da sun ga maɗigar yaro ta faɗa, idonsa ya zurma, sai uban ya zo ya kira ni in auna. Akwatin yakan riga mai shi gamawa. Ƙananan ƙusoshi kuwa da ƙaramar guduma ake buga su, ƙararta daban ce da ta babba, kuma ɗakinki yana tsallaken hanya. Kika koyi wannan ƙara. Da na fara bugawa sai in ga inuwarki a ƙofa, da kwalbar tafasasshen ruwa mai gishiri da sukari, da cokali a aljihu.

"Na wane gida ne, Seu Aderbal?"

In faɗa miki, ki zuba da gudu. Wasu kin tarar an makara. Wasu iyayen suka kore ki da tsintsiya. Amma akwai waɗanda suka dawo mini suna sosa ƙeya, suka ce in mayar da akwatin shago, yaron ya fasa mutuwa. Ba ki da sauƙin hali, wannan kowa ya sani. Kin taɓa tsayar da Fada a tsakiyar addu'a don ya ce Allah ne ya so ƙarin mala'ika, kika ce Allah yana da mala'iku isassu, ruwa mai tsabta ne ba mu da shi. Kuma kina kuka a jana'izar jarirai a gaban kowa. Da Dona Filomena, wato Uwargida Filomena, tsohuwar unguwarzomarmu, ta ce ki yi shiru za ki jiƙa fukafukai, kika ce mata Yesu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru, ba a ji ya hana shi tashi ba.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A watan Yuni na 1981 ɗana Josué ya kamu da gudawar, yana da wata biyar. Matata Creuza ta riga ta binne biyu kafinsa. Na duba maɗigarsa, na san abin da na gani, na auna shi, na tafi shago. Kika zo kika yi tambayarki. Na ce miki na wani gida ne a ƙauyen Tabocas, bayan dutse, tafiyar awa biyu a ƙasa. Kika kama hanya cikin ruwan sama. Na sha gaya wa kaina cewa don Creuza na yi, don kada ki sa mata rai a banza. Ƙarya ce. Kunya na ji, kada a ce ni ma da nake da sana'a sai da baƙuwa ta shiga gidana ta koya mini rainon ɗa. Gidana yana bayan shagon, taku talatin daga inda kika tsaya.

Kin dawo da la'asar, taɓo har gwiwa, ƙararrawa tana kaɗawa, Josué ya riga ya cika. Kika bi bayan yaran da suka ɗauke shi har kabari, kika yi kukan da ni da uwarsa ba mu yi ba. Washegari kika gaishe ni kamar kullum, na ɗauka ba ki gane ba.

Bayan shekara biyu aka shiga babban farin nan. Rake ya bushe, aiki ya tsaya, ruwan da ya rage a rafi ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sha. A wata guda na yi akwati goma sha tara, har katako ya ƙare na koma fasa akwatunan sabulu. Cikin wannan hali 'yarmu Lindalva ta kamu, tana da wata bakwai. A rana ta biyu Creuza ta daina ba ta nono, ta kwantar da ita a gefe, ta sayo kyandir, irin wanda muke riƙa wa mai barin duniya, ta ajiye kusa da hannun yarinyar. Ba mugunta ba ce, ta riga ta sallama ta ne. Na auna yarinyar tana numfashi, tana bin igiyar da ido.

Na buga ƙusa ta huɗu sai ga inuwarki. Kika yi tambayarki, na ɗauki wata ƙusa. Kika sake yi, na ci gaba da kallon guduma.

"Wancan karon Tabocas ka aike ni," kika ce. "Yau kuma ina zan je?"

Ashe duk shekarun nan kin sani. Kika ɗauke akwatin daga kan teburina, ko murfi ban yi masa ba, kika sa a hammata, kika wuce ta bayan shago zuwa gidana. Na bi ki kamar wanda aka kama da sata.

Kika zauna a ƙasa, kika ɗora yarinyar a cinya, kika fara ɗiga mata ruwan nan. Cokali ɗaya, sai ki karanta addu'ar Ubanmu wanda ke cikin sama daga farko har ƙarshe, sannan wani cokalin. Ta amayar, ki jira, ki sake. Creuza tana tsaye jikin bango, ta juya baya.

"Sista, don Allah ki bar ta ta tafi," in ji Creuza. "Na riga na cire ta daga raina. Kada ki sa in so ta, sannan a zo a ɗauka."

"Ban ce ki so ta yau ba, Dona Creuza. Hannuna ne ya gaji. Zo ki riƙe mini cokalin."

Ta daɗe kafin ta zo, amma ta zo. Kwana uku kuka yi kuna karɓa-karɓa, ni kuwa aikina tafasa ruwa. A rana ta uku da hantsi yarinyar ta buɗe baki ta tsala ihu, irin na mai jin yunwa. Creuza ta ɗauke ta ta sa a nono.

Yau Lindalva tana da shekara arba'in, da 'ya'ya huɗu, tana sayar da kifi a kasuwa, kuma bakin da kika buɗe ranar nan har yanzu bai rufu ba. Ni da kaina nakan sha zagi in na bar shago da datti. Ita ce ke auna yara a gindin mangwaro tun da ƙafafunki suka gaza. Akwatinta kuwa ba ki dawo mini da shi ba. A ciki kike ajiye sikeli da cokula, kina fitowa da shi duk ranar awo, har yaran yanzu suka ɗauka akwatin kaya ne kawai. Ni ne kaɗai nake kau da kai in an wuce da shi.

Ba zan ce kin ci yaƙin gaba ɗaya ba, domin ba kya son ƙarya. Bara ma na yi ƙananan akwatuna biyu. Amma biyu a shekara, a shagon da ke yin biyar a mako. Kasuwar kin kashe ta, na koma tebura da gadajen jarirai, ban kuma taɓa jin haushi ba.

Kwana biyar kafin rasuwarki kika aiko a kira ni. Na tarar kin ƙanƙance a kan gado, kika ce in kawo igiyata in auna ki tun yanzu don fenti ya bushe. Na ce miki tun ranar Lindalva ban sake auna mai rai ba. Kika yi ɗan murmushi kika ce to sai in jira, ba za ki ɓata mini lokaci ba. A nan ya kamata in faɗi maganar Josué, in nemi gafararki. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarki ko kina iya cin abinci. Na fito ban faɗa ba.

Ranar Talata na auna ki. Da babbar guduma na buga ƙusoshinki, amma sau uku ina ɗaga kai ina duba ƙofa.

A jana'izarki mata suka yi kuka a fili, ba wadda ta ambaci fukafukai. Waɗanda suka ɗauki akwatinki su shida ne, huɗu daga cikinsu na taɓa auna su da igiyata. Da aka fara zuba ƙasa, Creuza, wadda ban taɓa ganin hawayenta a kabari ba, ta durƙusa ta fashe da kuka. Da na matsa in ɗaga ta, na ji ba sunanki take kira ba. Josué take kira. A daidai wurin na yanke shawarar rubuta wannan, kuma na karanta mata kafin in ba kowa. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗaki. Yau kwana biyu ba ta yi mini magana ba, tana da gaskiya.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙaninki Wilfried da 'ya'yansa a Beljiyam, waɗanda suka ba mu aronki shekara arba'in da huɗu ba su ce mu mayar ba. Ina yi wa 'yan uwanki sistoci, da matan da ke awo tare da ke, da duk wanda ya girma a Lajedo Fundo saboda cokalinki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ubangiji Yesu, wanda ya ce a bar yara ƙanana su zo gare shi, ya karɓe ki da jinƙai, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutun da ba ki yarda kin yi a nan ba. Ya gafarta mini ni ma.

Sista, idan kin isa, za ki tarar da su da yawa, 'yan garinmu, idanunsu a buɗe. A cikinsu akwai ɗan wata biyar mai tabo a kunnen hagu. Kin tambaye ni, ga amsar. Ba na Tabocas ba ne. Na gidana ne.

Aderbal Bezerra, kafinta
Lajedo Fundo