Tafin Hannun Babaji

Shekara ashirin da 'yan kai Babaji ya yi yana haɗa kayan sauti a motoci, a wata rumfar kwano a Ƙofar Marusa. Bencin da nake zama a kai a ƙofar gidana yana kallon rumfar.

Amfilifaya ɗaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, kowa na iya sa ta. In sun kai biyu ko uku a mota guda, sai a ce a kai wa Babaji. Yakan ja waya ɗaya mai kauri daga batir zuwa but a bayan mota, ya raba musu wuta, ya kankare fenti, ya ɗaure sauran wayoyin a jikin ƙarfe wuri guda. Wayar sauti kuwa ta ɗaya gefen motar take bi, don kada ta kwaso kukan inji. Na'urar awo bai taɓa saya ba. In ya gama sai ya ƙure sauti, ya cusa kai cikin but, ya manna kunne a kan kowace sifika. Masu tallan magani da 'yan kamfen suna son ganin wannan. Sukan ce kunnensa ya fi na'ura.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura in na tambaye shi aiki, sai ya ce iyali suna lafiya. Daga baya ya daina sa kai cikin but, tafin hannu yake ɗorawa. Matarsa Hajo ta bar kiransa a waya. Mu da muka gane, ba wanda ya ce uffan, don aikin nan shi ke ci da gidan.

Wata Laraba Alhaji Ɗanliti mai tallan magani ya kawo bas ɗinsa a sa masa amfilifaya uku. Tsatsa ta cinye gefen hagu, dole wayar wuta da ta sauti suka haɗa hanya na ɗan taƙi. Aka tada mota. Wani siririn kuka ya fito kamar na sauro, yana hawa in an taka totur. Har daga bencina ina jin sa. Hannu yana jin dukan ganga, amma ba irin wannan ba.

Babaji ya ɗora hannu, ya lumshe ido yadda ya saba.

"Tas, Alhaji."

"Tas? Malam Babaji, wanga kuka hwa?"

Yohanna, mai gyaran jikin mota a rumfar gefe, ya ajiye gudumarsa. "Alhaji, bar ta nan zuwa gobe mana. Maganin naka ba ya lalacewa ai."

Alhaji bai kula shi ba. Ya zagaya bayan Babaji, ya kira sunansa sau uku, na ukun da ƙarfi. Babaji yana nan da hannu a kan sifika, yana murmushi.

Alhaji bai zage shi ba. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ja motarsa zuwa Kambarawa, aka gyara masa. Sai dai Alhaji mutum ne mai yini yana magana da jama'a, labari kuwa ya bazu.

Har yau Babaji yana buɗe rumfar bayan asuba. Ƙwan fitila yake canzawa, wani lokaci ham. In ya haɗa ham ya danna, sai ya waiwaya rumfar gefe, ya jira Yohanna ya gyaɗa kai.