Likita da Kumfar Tawada

Ina zaune kan benci a wani ɗakin shan magani na ƙasar Shagari, a shekarar da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Ma'aikacin da kowa ke kira Likita dogo ne, wuyan farar rigarsa ya sha ɗinki. Kantar maganin da ke bayansa wayam take.

Wata mata tana tsaye gabansa, jaririnta a kafaɗa yana numfashi da ƙyar. Ya gama duba shi, ya ɗauki alƙalaminsa mai shan tawada, alƙalami ya ƙi rubutu. Ya kwance shi, ya ɗaga 'yar robar ciki wajen taga. Iska ce ta shiga, kumfa ta tare hanya. Yana ƙyasta robar da farce, yana matsawa a hankali har ɗigo ya leƙo. Ya tsoma bakin alƙalamin a kwalbar tawada, ya zuƙa, ya goge, ya sake gogewa. Ga biro kusa da hannunsa, bai taɓa ba.

Ina jin mutum ne da ya saba miƙa magani, ba takarda ba, shi ya sa ba ya son gyaran ya ƙare.

"Likita, maganin, akwai shi nan?" in ji matar.

Tawada ta sauko. Ya yi rubutu, kansa a sunkuye.

"Babu, baiwar Allah. Sai kin tai Sakkwato."

Ta karɓi takardar da hannu biyu, har da durƙusawa. "Allah shi saka da alheri."

Bai iya cewa amin ba.