Birkin 'Yar Gusau

Attahiru direba ɗan maƙera ne, kuma ɗan fari. Tun ranar suna ubansa, Mode maƙerin Dinawa, bai taɓa kama sunansa ba. Kunyar ɗan fari kowa na yi, amma Mode ya yi tasa har ta wuce misali. In gawayi ya ƙare sai ya dubi bango ya ce, "A gaya ma wancan shi ɗebo gawayi," ko da kuwa daga shi sai yaron a maƙerar.

Attahiru ya tashi kan zuga, hannunsa har ya fara faɗawa, sai ga wata babbar mota ta zo Wurno ɗaukar gyaɗa, bayan yaƙin Turawa da 'yan shekaru. Ya shaƙi warin fetur, shi ke nan, kansa ya juye. Ya bi ta a karen mota har Gusau, ya sha zagi da ranƙwashi, ya fito direba. Da labari ya iso gida, Mode bai tsine ba, bai kuma sa albarka ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Gidan ga ba mu saba barin wuta mu bi hayaƙi ba."

Bayan shekaru Attahiru ya dawo da wata tsohuwar ƙaramar motar kaya, kitika, da ya saya hannun wani Kwara, farar fata mai awon gyaɗa. Mutanen gari suka sa mata 'Yar Gusau. Ta ɗauki albasa, ta ɗauki masu biki, ta kai awaki Goronyo, ta kai marasa lafiya Rabah. Kowa ya taɓa jikinta ya yi masa barka, ban da mutum guda. In Mode zai tafi masallaci sai ya zaga ta bayan rumbuna, don kada ma inuwarta ta taɓa shi. Attahiru mai fara'a ne, dariyarsa tun daga bakin gari ake jin ta, amma wannan abu yana ci masa rai ƙwarai. Ba ya son komai a duniya kamar tsohon nan ya nuna, ko da ido ne, cewa ɗansa bai ɓata ba.

To, da damina En'e kan rufe hanyar mota, don laka ba ta barin kowa. Attahiru ya yi wa 'Yar Gusau abin da ya ga masu doki na yi. Ya kafa mata rumfar zana, ya ja birkin hannu har ƙarshe a matsayin dabaibayi, duk Juma'a kuma ya sa a ɗebo ruwan fadama ya wanke ta tas, ya kwarara har cikin ƙafafunta don kada a ce ya yi ha'inci. A Gusau ba wanda ya taɓa gaya masa illar haka, don motar Kwara ba ta san hutu ba.

Kaka ta yi, aka buɗe hanya, mutane suka jibge buhunan wake za a kai kasuwar Goronyo. Inji ya tashi lafiya lau. Attahiru ya saki birki, ya sa giya, ya ɗaga wa jama'a hannu. 'Yar Gusau ta yi gurnani, ta girgiza, ta tsaya inda take.

Aka sauke wake. Ya ɗaga bayanta da jak, ya cire taya, ya tarar da kwanon ƙarfen nan da birki ke kamawa daga ciki ya yi ja wur da tsatsa, ya manne kamar tare aka ƙera su. Ya zuba kananzir, ya jira, ya ja, ko gezau. Ya sa sifana kan ƙusar da ke riƙe da kwanon, ya taka da ƙafa, kan ƙusar ya ɓalle fat, gindin ya zauna ciki. Daga nan haushi ya karɓi aikin. Ya aro taɓarya ya shiga jibgar kwanon, masu wake na zaune suna ba da shawara, wani ya ce a tofa, wani ya ce a ɗaura wa shanun noma su ja.

Attahiru ya san maganin abin, ai cikinsa ya girma: wuta. Sai dai wutar ƙira guda ce a Dinawa. In ya je ya roƙi ubansa, yana tsoron a dubi bango a ba shi amsa. In ya ɗauko maƙeri daga Wurno kuwa, ya zubar da girman ubansa a garinsa, abin da ba a taɓa yi ba. Ya zauna kan taya ya rafka tagumi.

Gwaggonsa Kulu mai ƙuli-ƙuli, ƙanwar Mode, ita ce ta aje tallarta ta nufi maƙera. Can sai ga ta tafe da zugazugi a ka, Mode na biye da kaskon gawayi, fuska a murtuke.

"Ni ba wurin kowa niz zo ba," in ji Mode, yana duban rumfa. "Wani na bugun ƙarhe awa shina korar jaki, ya hana ni ƙailula. Kulu, tambayi wancan, mi ƙarhen ga yai mai?"

"Ka dai ji," Kulu ta ce da Attahiru.

Attahiru ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Gwaggo, a ce ma Baba tsatsa ta. Amma kak a kai wuta wajen wagga igiyar, man birki na ciki, tana iya hwashewa."

Mode ya leƙa, ya bi igiyar da yatsa. Ya jiƙa tsumma ya naɗe ta da kansa. Karo na farko ke nan da hannunsa ya taɓa motar, kuma Attahiru ya gani.

Kulu ta gaji da kai saƙo tsakanin mutum biyu da gwiwoyinsu ke gugar juna, ta zauna ta shiga cin ƙulinta. Ba a ma ƙara bukatarta ba. Attahiru ya kama zuga, hannunsa ya tuna da kansa. Mode ya riƙa ɗora garwashi da awartaki kewaye da kwanon, ya ɗiga man gyaɗar Kulu kan guntun ƙusar yana ƙauri, ya sa kurfi ya yi mata tsaga, ya bi ta da ɗan bugu har ta fara juyawa. Attahiru ya miƙa hannu ya ƙarasa warware ta. Sannan tsohon ya zaro masabarsa, wadda ya gada wurin ubansa, ƙotarta ta yi baƙi sul don riƙo, ya zagaye kwanon da ita a hankali, ƙwas, ƙwas, Attahiru na girgiza kwanon. Tsatsa ta zubo kamar garin barkono, kwanon ya faɗo a cinyar direba da sauran zafinsa. Ya yi tsalle yana salati, masu wake suka kwashe da dariya.

Aka kankare kwanon aka mayar, aka sake loda wake, Mode ya tattara kayansa. Aka ce ya shiga gaba a ɗana shi, ya ce shi ƙafafunsa ba su yi tsatsa ba.

Sai da Attahiru ya sauke wake a Goronyo ya buɗe akwatin sifanu, ya ga masabar kwance a ciki. Yana dawowa ya nufi gidan Kulu da ita.

"Gwaggo, Baba ya mance masabatai. Ki kai mai, ni ban iyawa."

Kulu ta dube shi sama da ƙasa. "Kai dai wawa na. Tun da nike da Mode, ko allura bai taɓa mancewa wurin aiki ba. Cewa yay yi in ka kawo ta, in gaya ma wancan maƙeri ba shi tahiya hannu sake."