Rufin Ajinmu

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye bayan Yangoji, iskar farkon damina ta yaye rufin ajina. Muka wayi gari kwanon yana kwance a gonar doya, ya nannaɗe. Na kwashe yara muka koma gindin mangwaro. In hadari ya haɗo, sai in sallame su.

Lokacin ana shirin zaɓe. 'Yan takara suka riƙa zuwa, kuma a filin makarantarmu suke taro, a kan bencinan yara. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya a tsakiyar ajin, ya ɗaga kai ya kalli sama, ya ce kafin a cire doya za a gyara. Na yi masa tafi. Ranar zaɓe na sha rana a layi na dangwala masa, ya kuwa ci.

Aka cire doya, aka sake shuka wata, shiru. Shugaban iyayen yara, wani dattijo manomi mai Hausar kasuwa, ya ce in raka shi ofishin mutumin. Muka hau acaɓa, muka zauna a baranda tun hantsi har la'asar. Can wani ya leƙo ya ce oga yana mitin a cikin gari.

A hanyar dawowa dattijon ya ce, "Malama, ke ya yi karatu. Wannan zaɓe da muna yi, don mene ne?"

Na ce, "Baba, don mu samu wanda zai saurare mu in abu ya same mu."

Ya ce, "To."

A zangon nan manhaja ta kawo ni darasin amfanin gwamnatin dimokuraɗiyya. Na jingina allo da mangwaro na rubuta, yara suka maimaita da ƙarfi. Ni dai bakina ne kawai ke motsi.

Daga ƙarshe iyaye suka gaji da jira. Wani ya kawo tsohon kwano daga rumbunsa, masu coci suka ba da katako, masu masallaci suka kawo kafinta. Rufin ya fito kala-kala, yana ɗan yoyo ta kusurwa, amma muka koma ciki.

Ba a jima ba sai ga motoci. Mutumin ne da masu ɗaukar hoto, ya zo duba aikin da aka kammala a mazaɓarsa. Aka ce in jera yara su yi waƙar maraba. Na jera su. Ya miƙo wa dattijon hannu, shi kuma ya karɓa yana kallon ƙasa.

Da suka tafi, na sa aka mayar da bencinan yara cikin aji, muka ci gaba da lissafi. Kaina na ciwo, na tashe su da wuri.