Lambar da Layi ya Danne

Ka taɓa ganin mutum yana dambe da kwamfuta? Ga shi nan a shagon da ake buga zanen gini, inda nake jiran layi, ni ne na uku.

Dattijo ne mai kaurin wuya, takalminsa ya yi fari fat da siminti, babban yatsansa ɗaure da bandeji. Zanen bene ne a gabansa a kan kwamfutar. Yana cafko lambobin da ke nuna tsayin kowane hawa, ya fizge su daga kan layukan bango, ya ƙara musu girma, ya daki madanni kamar mai kashe kunama. Cikin minti ɗaya na ƙirga bugu goma sha tara.

Ana buga masa takarda sai ya manna a bango, ya ja baya taku biyar. In lamba ɗaya ta gagari idonsa, ya keta. Ya keta huɗu.

"Injiniya, a ji tausayin kwamfutar mana, ita ke nan gare ni," in ji mai shago.

"Jiya a gabana aka farfasa matakala goma sha bakwai da guduma," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Layi ya danne lamba, magini ya yi kintace. Gobe za a sake zuba kankare. In aka kuma kuskure, mai gida ya ce in tattara kayana."

Ina zaton shi da kansa ya ƙwace gudumar ya fara sara.

Takarda ta biyar ta tsira. Ya naɗe ta kamar kulki ya fice.

Kafin ka miƙa wa wani takardar da zai yi aiki da ita, manna ta a bango, ka ja baya taku biyar, ka gwada karantawa.