Ranar da Mma Ta Ga Tsohon Garin Faransa

Ƙanena yana aiki a Faransa, kuma da matarsa ta haihu sai ya aiko mana da tikiti, ni da mahaifiyarmu da muke kira Mma. Bayan suna ya ce dole mu ga gari. Ya ɗauke mu a mota zuwa wani tsohon gari a bakin kogi, inda Turawa ke tururuwar kallo.

Mma ta sha leshi da mayafi, don an ce mata wuri ne mai tarihi. Muna shiga sai ga lunguna masu ƙunci, gidaje sun jingina da juna, bango duk ya tsattsage. Ta tsaya, ta riƙe ƙugu.

"Wannan kuka kawo ni gani? Ai unguwar Nima ce ta can gida, gotar ruwan datti kawai suka rufe."

Ƙanena ya ce gidajen sun yi ɗaruruwan shekaru, hukuma ta hana a taɓa su.

"Allah sarki," in ji ta. "Ga kuɗi, ga rowar siminti."

A kasuwar bakin gada wani dattijo mai sayar da cuku ya yanko mata ɗan ɗanɗano. Ta ɗauka wagashi ne, irin cukun da ake sayarwa a unguwar Maamobi can gida. Ta kai hanci, ta dubi koren da ke cikinsa, sai ta jawo ƙanena gefe.

"Gaya masa a hankali, kada mutane su ji. Kayansa sun lalace."

Ƙanena ya ƙi. Ita da kanta ta koma, ta dafa hannun mutumin tana girgiza kai cikin tausayi. Shi kuwa ya zaci santi take yi, ya ƙara yanko mata babba. Haka ta karɓa don kunya, ta ƙulle a bakin mayafi, muka yi ta yawo da warinsa.

Da yunwa ta kama mu muka zauna a bakin kogin. Mma ta zaro kwalbar shito, soyayyen yajin nan namu na gida, daga jaka, ta shafa mana a burodi. Wata ƙatuwar agwagwa fara mai dogon wuya ta taso daga ruwa, ta fizge burodin daga hannunta ta haɗiye. Ba a jima ba ta fara girgiza kai, tana tsoma baki a ruwa tana fitarwa.

Mma ta dube ta babu ko murmushi.

"Da kin yi sallama, da na gaya miki akwai yaji."

Sannan ta miƙo mini hannu in ba ta rabin nawa.